Jan Ɗigo a Messa

Litinin, 8 ga Satumba, bayan La'asar

Littafin kwamiti ne wannan, kamfani ya saya don in riƙa rubuta abin da aka yanke a taro. Na juya shi ta baya. Gaba nasu, baya nawa.

Yau aka rataya charte ɗin a bango cikin gilashi, dab da hoton marigayi Alhaji Na'Allah. Shafi tara da faransanci, duk a kan yadda kamfaninmu zai yi aiki da ƙirƙirarriyar basira cikin amana da adalci. Baha'uddeen, ɗan Alhaji da muke ce wa Patron yanzu, ya sha kwat ya tsaya aka ɗauke shi hoto. Ni ma aka jawo ni ciki, tunda ni ce Madam Éthique, wai mai tsaron amana. Haka direbobi suka laƙaba mini. Shekara goma sha ɗaya ina kan teburin nan da waya biyu, ina tura babura ashirin da shida su kwaso nama daga Etoudi, su kai atamfa, su kai magani, ban taɓa samun muƙami ba sai da na'ura ta ƙwace aikin.

Yanzu ita ke raba tafiya, ita ke auna kowane direba, ita ke cewa wane ya kyauta, wane a dakatar da shi. Manyan kantunan da Patron ke neman kwangilarsu sun ce ba za su sa hannu ba sai sun ga akwai ɗan Adam a kan na'urar, mai dubawa kafin a zartar da komai. Ni ce ɗan Adam ɗin. Madalla da ni.

Baba Haman bai zo ba. Tun Juma'a.

Talata, 9 ga Satumba, ƙarfe ɗaya na rana

Bari in rubuta abin da ya faru ranar Juma'a, ko ya daina yi mini yawo a kai.

Ranar Alhamis aka dakatar da Baba Haman, mai babur lamba bakwai. Washegari da safe Zakiyyu, masanin da Patron ya ɗauko daga Douala don harkar charte, ya tara direbobi a tsakar gida ya kafa majigi. Wai transparence: kada a ɓoye wa ma'aikaci yadda na'ura ke yanke hukunci. Ya ce zai kawo misali ɗaya, kuma ya cire suna. Ya cire suna! Mutum ɗaya tal aka dakatar a kamfanin, ga shi zaune a benci na biyu da hularsa a gwiwa.

Taswirar Yaoundé ta fito a bango da jajayen ɗigo tara. Wurare tara ke nan cikin wata uku da babur ya tsaya fiye da awa ɗaya, waya a kashe. Zakiyyu yana ta bayani da sandarsa, babu mai jin sa. Idon kowa yana kan ɗigo ɗaya a Messa, bayan masu tayoyi, gidan nan mai koriyar ƙofa. Babu namijin da bai san gidan ba a unguwarmu ta Birik, har da masu rantsuwar ba su sani ba.

Gwadabe, shugaban direbobi, shi ya fara. Ya ce, "Awa biyu da minti goma? Kai, Baba, ashe da sauranka!" Dariya ta ɓarke har masu tsire na ƙofar gida suka leƙo.

Baba Haman ya miƙe, ya sa hularsa, ya ajiye mabuɗi a teburina. Bai dube ni ba. Ya yi sallama kamar kullum ya fita.

Laraba, 10 ga Satumba, da safe

Ba ni na haska taswirar ba.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan Azahar

An yi ruwa tun hantsi, jan taɓo ya shigo har ƙofar ofis. Babur lamba bakwai yana nan a ɗaure da sarƙa, wani ya shanya rigar ruwansa a kai.

Baba Haman Bafulatanin Garoua ne, ya fi shekara talatin a Nkomkana. Tun kafin a san za a yi kamfani yake tare da Alhaji. Kuma shi ke wankan gawa. Tsofaffi sun sani, yaran yanzu ba su damu su sani ba sai ranar da ta zo gidansu. Ba ya karɓar ko sisi, ba ya kuma maganar. Baƙon da ya mutu a ɗakin haya ba dangi, shi ake kira. Wanda ya kwana biyu kafin a gano shi, wanda kowa ke toshe hanci, shi ake kira.

A zamanin waya biyu, sai ya buga mini ya ce, "Safinatu, ina da uzuri." Shi ke nan. In mayar da tafiyarsa kan wani, ba tambaya. Alhaji ne ya ce mini haka tun satin da na fara aiki: in Haman ya ce uzuri, kada ki tambaye shi na mene ne. Ba a rubuta a ko'ina ba. Da aka kawo na'ura, Zakiyyu ya zauna da ni kwana uku yana tambayar dokokin aikinmu yana shigarwa. Na faɗa masa na nama, na faɗa masa na ranar Juma'a, na faɗa masa hanyoyin da ke cikewa in an yi ruwa. Wannan ban faɗa ba. Bai zo mini a matsayin doka ba, wallahi.

Shi ya wanke Abdulgaffar. Da ya fito daga ɗakin ya same ni a ƙofa, ya ce, "'Yata, mijinki ya yi kyau." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma shi nake riƙe da shi shekara uku.

Asabar, 13 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya

Ba kowa a ofis, na buɗe fayil ɗinsa. A majigi ɗigo da tsawon tsayuwa kawai aka nuna, a nan kuwa kowane ɗigo da ranarsa da lokacinsa.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsohon mai ɗinkin hula ne. Wannan yaron Kano ne da mota ta buge a Mokolo. Takwas na gane su ba wahala, don wasu ma na je gaisuwa.

Na tara, na Messa, 14 ga Agusta, daga sha ɗaya da rabi zuwa biyu saura minti ashirin.

Na san gidan da na je gaisuwa a yammacin ranar. Na san abin da aka sanar a masallaci, cewa ya cika a ɗakinsa, a gaban iyalinsa, bayan gajeriyar rashin lafiya. Na san matarsa, tare muke zuwa islamiyya. 'Yarsa ta biyu an sa mata rana bayan Sallah.

Ba zan rubuta sunan ba. Ko a nan.

Na rufe kwamfutar na zauna.

Litinin, 15 ga Satumba, bayan La'asar

Na shiga wurin Patron. Na ce masa tsayuwar Baba Haman ba ta banza ba ce, wankan gawa yake zuwa, kuma mahaifinsa ne ya ba shi izini.

Ya ce, "Tanti, a ina aka rubuta?"

Na ce, "Baha, shi ya wanke mahaifinka."

Ban taɓa kiran sunansa a ofis ba sai yau. Yana Dubai ranar da Alhaji ya rasu, ya iso an riga an dawo daga maƙabarta. Ya cire tabarau ya goge. Na ɗauka magana ta ƙare.

Sai ya ce, "Allah Ya saka masa. To kin ga shi ya sa ba zan iya sa baki ba. In na mayar da shi da bakina, masu audit, masu binciken nan, za su ce sanayya ce. Suna zuwa ƙarshen wata, Tanti, shekara biyu ina bin kwangilar nan. Akwai formulaire, takardar ƙorafi. Ya rubuta dalilin kowace tsayuwa, ya sa hannu, gobe ya hau babur ɗinsa."

Na ce in ni na rubuta masa fa?

"Article six, sashe na shida," in ji shi. "Mai ƙorafi shi zai yi bayani da kansa, ba wani a madadinsa ba. Ke kika nace a saka shi."

Ni na nace. Ni, da bakina, a gaban kowa, saboda na gaji da yadda Gwadabe ke zuwa ya wanke ƙannensa duk ranar da suka yi ɓarna. Har tafi aka yi mini.

Talata, 16 ga Satumba, da safe

Ba ni na kawo na'urar ba. Ba ni na ce awa ɗaya laifi ne ba. Ba ni na haska taswirar ba.

Laraba, 17 ga Satumba, kafin Magariba

Na je Nkomkana da formulaire a jaka. Na hau gangaren nan mai santsi har takalmina ya tsinke. Dada Aisatu, matarsa, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa, ta amsa gaisuwata tana kallon bango.

Shi kuwa ya tambaye ni yara, ya tambaye ni ciwon bayana, ya tambayi ko an gyara burkin lamba sha biyu. Da ƙyar na samu na fito da takardar.

Na ce, "Baba, layi tara ne kawai. Ka faɗa, in nuna maka inda za ka rubuta."

Ya ce, "In rubuta me, 'yata?"

"Abin da ya kai ka."

Ya ce, "Mutum yana kwance ba ya iya rufe kansa, aka kira ni na rufe shi. Yanzu in zo in buɗe shi a takarda saboda babur?"

Na ce to ya rubuta takwas ya bar ɗaya. Ya dube ni sosai, karo na farko tun ranar Juma'ar. Ya gane na sani. Ya ce, "In na cika takwas na bar ɗaya, ai na nuna shi da yatsa ke nan. Safinatu, abin da kika gani, ba ki gani ba."

Na ce, "Baba, ana zagin ka a gari."

Ya ce, "Ina ji. Kunnena lafiya lau."

Haushi ya kama ni, wallahi har na so in ɗaga masa murya. Mutumin da ya je can da ƙafarsa yana kwance da sunansa fes, ana yi masa addu'a, shi kuma wannan tsoho yana zaune a tabarma ana yi masa dariya. Na haɗiye na yi sallama.

Alhamis, 18 ga Satumba, ƙarfe biyu

Gwadabe ya sa wa babur ɗin suna, wai Koriyar Ƙofa. Duk wanda ya makara sai a ce ko ya biya ta Messa ne. Na ce masa ya ji tsoron Allah. Ya ce, "Haba Madam Éthique, ai ba mu muka faɗa ba, na'ura ce, kuma an ce mana ba ta ƙarya."

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan an sauko

Zakiyyu yana shirya takardun audit, ya kira ni in ga wani abu. Ya juyo mini da kwamfutarsa yana murmushin nan nasa na mai ladabi.

To. Bari in rubuta, na gaji da zagaye.

Na'ura ba ta dakatar da kowa. Shawara take bayarwa, ta turo mini, ni in karanta in danna valider in na amince, ko in ƙi. Ranar Alhamis ɗin can, 4 ga wata, abu arba'in da ɗaya ta turo: canjin hanya, canjin taya, hutun wane, gargaɗin wane. Ana jibi-jibin komawa makaranta, ina sauri in kama kasuwar Mokolo in sayi littattafan yara kafin ruwa ya sauko. Watanni uku ina karantawa ban taɓa kama ta da kuskure ba. Na yi ta dannawa. Na talatin da uku shi ne Baba Haman.

Daƙiƙa huɗu. Na'urar ta rubuta har wannan. Daƙiƙa huɗu tsakanin buɗewa da dannawa.

Zakiyyu ya ce, "Madam, ba laifi nake ɗora miki ba, amma fayil ɗin nan shi kaɗai ne a buɗe, shi za su fara dubawa. Za su tambayi me ɗan Adam ya gani cikin daƙiƙa huɗu."

Ban ga komai ba. Da na ga sunan da ban danna ba. Ni na danna.

Lahadi, 21 ga Satumba, da hantsi

Na ƙona wake. Na mari ɗana Siddiƙ a kan abin da bai kai ba. Allah Ya yafe mini.

Litinin, 22 ga Satumba, ƙarfe sha biyu

Fatiha ta zo ofis, babbar 'yar Baba Haman, wadda ke koyarwa a makarantar firamare. Ba ta zauna ba. Ta ajiye takardar dakatarwar a gabana ta ɗora yatsa a ƙasa.

Ta ce, "Tanti Safinatu, ni na karanta masa, tunda ba ya jin faransanci. Da na zo nan na yi shiru, ya ce in ci gaba. Na karanta masa sunanki."

Tun ranar farko ke nan ya sani. Ya sani ya tambaye ni ciwon bayana.

Ta ce an yi suna a layinsu jiya, uwarta ta shiga mata suka yi tsit, wata ta ce a riƙa haƙuri da maza, tsufa ba ya hana su. Ta ce, "Ban san me Baba yake ɓoyewa ba, ya ƙi faɗa mana. Amma na san ubana. Ku da kuka ɓata, ku gyara."

Na ce in sha Allah. Ta ce ta ji wannan da yawa a satin nan.

Talata, 23 ga Satumba, bayan La'asar

Na karanta charte ɗin nan daga farko har ƙarshe, ina neman ƙofa, kuma na samu. Duk dakatarwar da ta wuce kwana ashirin da ɗaya, dole kwamiti ya zauna ya buɗe fayil ɗin gaba ɗaya, ko mai shi ya yi ƙorafi ko bai yi ba. Kwamiti mu huɗu ne: Patron, Zakiyyu, ni, da wakilin direbobi, wato Gwadabe. Ranar Juma'a ke nan.

Gwadabe bakinsa ne ba linzami, amma kansa yana ja. Ya ga 14 ga Agusta kusa da ɗigon Messa, ba zai kai minti biyu ba zai haɗa. Shi ya ɗauki makarar. Kafin La'asar duk Birik ta ji, Baba Haman ya wanku ba tare da ya buɗe baki ba.

Ni kuwa a ranar kowa zai ga daƙiƙa huɗuna. Na yarda. A gani.

Matar mutumin fa? 'Yarsa fa? Na tambayi kaina, na ba kaina amsa cewa ba ni na aike shi Messa ba. Yau na ci abinci sosai, karo na farko cikin sati biyu.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan Azahar

Wautata. Na kira shi da safe don in faranta masa. Na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, jibi gaskiya za ta fito da kanta, ba sai ka ce komai ba." Na yi masa bayani. 

Ƙarfe sha ɗaya sai ga shi a ofis, ya jiƙe sharkaf, da ƙafa ya zo. Direbobi suna tsakar gida, wani ya yi fito. Ya wuce su ya tsaya gaban teburina.

Ya ce, "Gwadabe zai ga ranakun?"

Na ce zai gani.

"A goge."

Na ce ba a gogewa, doka ta ce a ajiye komai shekara biyar saboda masu bincike. Ya ce a kira mai na'urar. Zakiyyu ya zo, na fassara. Ya ɗan yi tunani, sai fuskarsa ta washe, irin ta ɗalibin da aka yi wa tambayar da ya sani. Ya ce akwai article huit. Ma'aikacin da ya bar aiki da kansa, ya kuma janye duk wani ƙorafi, yana da haƙƙin a goge bayanansa cikin awa arba'in da takwas. Ya ce wannan sashen ma shi ya fi alfahari da shi.

Ban so in fassara ba. Baba Haman ya ce, "Me ya ce? Faɗa mini duka."

Na faɗa masa duka. Na ƙara da nawa. Na ce, "Baba, in ka sa hannu, aikin ya tafi. Abin da zai wanke ka ma ya tafi. Babu wanda zai ƙara sanin gaskiya. Dada fa? Fatiha fa?"

Ya ce, "Su suna da rai, za su iya haƙuri. Kawo takardar."

Na ce, "Don Allah ka bari zuwa gobe."

"Safinatu, kawo."

Ya sa hannu da ajami, a hankali, harafi bayan harafi. Ya miƙa mini biro ya ce, "Kada ki sa abin a ranki, kowa yana kuskure." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Patron ya fito ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce ƙofa a buɗe take kullum. Ƙofar me?

Alhamis, 25 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Buƙatar gogewar ta iso teburina, don ita ma sai ɗan Adam ya amince. Na karanta kowane layi, sau biyu. Na zauna da ita minti arba'in. Ina iya ƙi. In na ƙi, gobe kwamiti zai buɗe fayil, ya wanku ko yana so ko ba ya so.

Ban ƙi ba. Haƙƙinsa ne, kuma shi ya roƙa.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan La'asar

An goge. Taswira, ranaku, takardar dakatarwa, komai. Zakiyyu ya leƙo ya ce mini a hankali, "Har da naki, Madam. Yana cikin fayil ɗin, ya tafi tare."

Ga abin da ba zan faɗa wa kowa ba. Da ya faɗi haka, wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Na ji daɗi. Kafin in tuna da Baba Haman, kafin in tuna da Dada Aisatu, na ji daɗi. Tun ɗazu nake tambayar kaina ko jiya don shi na amince ko don ni, kuma ban samu amsar da zan iya rantsuwa a kanta ba.

Kwamiti ya zauna minti shida. Babu abin tattaunawa. Na rubuta a gaban littafin.

Talata, 30 ga Satumba, ƙarfe huɗu

Masu audit sun zo, mace da namiji, da takalma masu tsabta. Sun duba charte, sun duba bango, sun yi mini tambayoyi na amsa. Ƙorafi a buɗe: babu. Buƙatar goge bayanai: ɗaya, an cika cikin lokaci. Matar ta ce ba ta taɓa ganin ƙaramin kamfani da ya mutunta haƙƙin ma'aikaci haka ba, za ta riƙa ba da misali da mu. Patron ya aika aka sayo tsire na dubu goma aka raba.

Na ce da Zakiyyu a ƙara wa na'ura wani maɓalli, direba ya danna uzuri ba tare da bayani ba. Ya ce shawara ce mai kyau ƙwarai, a kawo ta taron Janairu.

An ba wani ƙanen Gwadabe lamba bakwai.

Alhamis, 2 ga Oktoba, kafin Magariba

Malam Nu'man mai atamfa ya rasu da asuba, maƙwabcinmu na layin baya. Na shiga wurin mata tun da safe.

Ina zaune kusa da ƙofa na ji muryar Baba Haman a zaure. Ba wanda ya aika masa, jin rasuwar ya yi ya taho, kamar yadda ya saba, da 'yar jakarsa ta sabulu da turare. Shekara ashirin suna sahu ɗaya da Malam Nu'man.

Babban ɗan mamacin ya tare shi. Ya yi magana da ladabi, ban ce bai yi ba. Ya ce, "Baba, mun gode, Allah Ya ba da lada. An riga an kira wani daga Tsinga, yana hanya. Ka huta."

Wata a bayana ta ce, "Gara dai. Hannun da ya je can."

Na juya. Na buɗe baki. Matar mutumin nan na Messa tana zaune a gefena da carbinta, cikin kayan takaba, gwiwarta tana taɓa tawa. Ta ɗago ta ce, "Safinatu, lafiya?"

Na ce lafiya lau.

Ta labule na hango shi. Bai tafi ba. Ya tura jakar ƙarƙashin benci da ƙafarsa, ya zauna a waje cikin mutane yana jira a fito da gawa.